Binciken da Ya Ƙosar da Bauranya

Wajen sha ɗaya na safe ne, rana ta buɗe bayan ruwan asuba, motar Kusada tana jiran cikon mutum biyu a tashar Kankia. Malam Ɗanmaliki, wani dattijo ɗan Bauranya, ya sami wuri kusa da wani mai tabarau da ya rungume jakar takardu.

"Malam, ina aka nufa?"

"Bauranya, Baba. Daga jami'a nake. Shekara uku ke nan da na yi bincike kan yunwa a can. Masana sun fi ɗari biyu da suka kafa hujja da shi, har a ƙasashen waje."

"Madalla. Mi ka gano?"

"Na gano garin ba ya cikin matsi. Duk gidan da na shiga, tuwo da kaza."

"Ƙwarai. Kazar da ka ci gidan mai unguwa tawa ce. Dawar kuwa, irin shuka muka daka."

Mai tabarau ya gyara zama. "Ai na tambaye ku ko kuna kwana da yunwa!"

"Gaban surukai ka yi tambayar. Wa zai ce ma baƙo tukunyarshi ba ta hau wuta ba? Da rabon hatsi ya zo, aka duba takardarka, aka tsallake mu. Ga rabon bana nan tafe."

"To bari in gyara. Sunanka, Baba?"

"A'a, rubuta maƙwabta dai. Mu gidanmu alhamdu lillahi."

Dattijon ya kwance ƙullin dafaffen rogo, ya karya biyu, ya ɗora babban a kan jakar. Mai tabarau ya daɗe yana kallon rogon, sannan ya ɗauka ya ci.