Agwagina Ba Inda Za Su

Gaisuwa mai yawa gare ka, mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Talatu, daga Tudun Wada nan Jos.

Ina kiwon agwagi a tsakar gidana. Kwanan baya maƙwabcina, Oga Dele, ya leƙo ta katanga ya ce, "Maman Bitrus, ki yanka ƙazaman nan, ko in kai ƙara wurin mai unguwa."

Na ce, "Oga, ga hanya nan. Bara da annoba ta share kajin layinmu, har da naka, agwagina ko gezau. Ƙwansu yarana ke ci kafin su fita makaranta cikin sanyin nan. Sun cinye kyankyasai, kashinsu kuma shi ya raya mini kabeji."

Ya kuwa kai ƙarar. Mai unguwa ya zo ya tarar da wurin a share tas, ƙarshe ma cewa ya yi in ajiye masa 'ya'ya biyu in agwagin sun ƙyanƙyashe.

Yanzu Oga Dele ba ya amsa gaisuwata. Masu sauraro, wai ni zan ba shi haƙuri? Ko ɗaya ba zan yanka ba.

Ina gaida ƙawata Ladi a Kabong, wadda ta ba ni agwagwar farko. Ladi, jikokinta suna nan daram!