Bayin Inna Ya Fuskanci Alƙibla

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ne Sani daga Titirou, Parakou. Bana na gama jami'a.

Yayana da ke kasuwanci a Djougou yana gina wa Innarmu gida, ya ɗora ni kan aikin. Ba mu yi zane ba, ya ce magini ya san aikinsa. Na auna ɗakunan gidan guda uku sau biyu, amma ban duba gabas ba. Ranar Juma'a Inna ta leƙa bayi, ta ce, "Ɗan boko, alƙibla zan fuskanta in tsuguna? Wallahi ba ni tarewa!"

Jama'a, ku yi zane kafin a haƙa tushe. Damina ta kusa, tsohon ɗakin Inna kuwa yoyo yake. Malamai, akwai mafita ban da fasa daɓen bayin?