Wasiƙar Likita da Ƙafafun Kubura

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana ƙarshen kakar albasa muna da rai, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Mai girma shugaban wanga taro, Alhaji Arzika; iyayenmu hakimai da wakilansu daga Jega, da Aliero, da Maiyama; malamanmu da limamanmu; Sarkin Pawa da jama'arsa; shugabannin direbobi da 'yan kamasho; dillalai, da manoman da sunka baro Sabiyal da Jiga Makera tun da hantsi; iyayenmu mata; jama'a manya da ƙanana, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga ƙungiyarmu ta 'yan albasa da direbobi da ta ba ni lasifika yau. A takardar gayyata an rubuta cewa Alhaji Ɗalha zai yi bayanin yadda mutum ke tashi daga dako ya kai ga mallakar mota. Wanga labari kun san shi, kuma kun san ba na gajiya da faɗinsa. Aji uku na tsaya a sakandare, na ɗauki buhu bisa kaina a tashar Aliero, ban gaji ko akuya ba, kuma tun kafin a ba mu jiharmu ta Kebbi motocina ke kai albasa Kurmi. Amma shugaba, ka yi mini afuwa, yau zan karya linzami. Akwai maganar da ta fi wagga nauyi a ƙirjina, kuma an sa mini sharaɗi in faɗe ta a gaban mutane.

Abu na farko, in tuna muku yadda nike shekara biyar baya. Ƙiba ta kai ni inda ba na iya sujada, bisa kujera nike salla. Motar da na saya da gumina ba na iya hawa gabanta sai an tura ni. Ku kuwa in kun gan ni sai ku ce, "Alhaji ya ji daɗi, Allah shi ƙara." Ni kaɗai na san abin da kuke roƙa a ƙara mini. A haka anka haɗa ni da Likita Ismail, likitan tiyata a wani asibitin kuɗi can birni, wanda ya koyo aikin rage tumbi a ƙasar waje. Na ce masa, "Likita, tumbin da na yi shekara talatin ina gini, shi za ka yanke?" Ya ce, "Alhaji, ko mu rage shi, ko shi rage maka kwana." Anka yi aiki, Allah ya ba da sa'a. Bayan wata takwas na sa goshina ƙasa a masallacin Juma'a, na daɗe ban ɗago ba. Da mutane sunka ga haka, bakwai sunka biyo sawuna daga garuruwan nan uku, munka zama mu takwas. Cikinsu akwai Hajiya Kubura ta Maiyama, matar Malam Lauwali, mai sana'ar man gyaɗa. Ɗiyar kawuna ce, taubashiyata, wadda tun muna yara ba ta taɓa barin maganata ta faɗi ƙasa ba ta taka ta ba. Ni na kai ta da kaina.

Abu na biyu shi ne yadda munka tafiyar da jinyarmu, kuma nan nike so ku buɗe kunne. Tun ran da anka sallame ni likita ya faɗa mini gaskiya. Ya ce wanga aiki ba ya ƙarewa a ɗakin tiyata. Tumbin da anka rage ba ya iya tsotso duk abin da jiki ke bukata daga abinci, don haka duk wata uku sai an duba jini, an yi wata allura, har ƙarshen rai. Ya ce in riƙa zuwa da katina. Na ce, ni Ɗalha, in zauna bisa benci da kati a hannu, a kira sunana awa ɗan makaranta? Sai na riƙa aika mota duk wata uku a ɗauko likita zuwa zaurena a nan Jega. Mu takwas mu taru, a shimfiɗa darduma, a kawo gasasshen nama wanda ba mai iya cin fiye da tsoka biyu cikinmu, a auna mu bisa sikelin albasa ana dariya, ya yi mana allura, a maida shi. Kullum sai ya ce, "Alhaji, wanga ba tsari ba ne." Kullum sai in ce, "Likita, ci nama."

To ku duba abin da wannan ya haifar. Duk saƙon likita ta hannuna yake bi. Duk tambayar mara lafiya ta bakina take fita. Cikinmu takwas ba wanda ya san sunan aikin da anka yi masa, ba wanda ya san sunan allurar. Ruwanta ja ne, sai munka sa mata jar allura, munka wuce. Kuma ba wauta ce kaɗai ta sa haka ba, sabo ne. Mu mutanen yankin Aliero ne. In ƙafarka ta karye anka kai ka gidan masu ɗori, ba ka tambayar takarda. In uban ya tafi, ɗan na zaune bisa tabarma guda, hannu guda, sani guda, ya san ka ya san karayarka. Gida kake bi, ba mutum ba. Haka munka ɗauka aikin asibiti yake, alhali mu ko asibitin ba mu zuwa.

Abu na uku shi ne laifina, kuma ba zan sa masa riga ba. Wata rana wasiƙa ta zo daga Likita Ismail. Ya ce ya sami aiki a ƙasar waje, zai bar asibitin. Ya sa rana, ya ce mu zo mu takwas, ya ba kowa takardunsa a hannu, ya haɗa mu da likitar da za ta ci gaba da duba mu. Jama'a, da na karanta sai zuciya ta ɗebe ni. Mutumin da buhun farko na kowace kaka nasa ne, mutumin da ya ci a zaurena, shi zai sallame ni da takarda, har ya sa mini ranar da zan je in same shi? Na ninke wasiƙar na jefa aljihun mota. Da sauran sunka tambaya, na ce, "Likita ya tahi, ya bar mu. Mi ya rage? Ai mun warke." Rabin maganar gaskiya ce. Ɗaya rabin na riƙe shi, na riƙe shi shekara guda da wata huɗu.

Kubura ce ta biya. Da farko ta ce kamar tururuwa na yawo a tafin ƙafarta. Daga nan takalmi ya riƙa fita daga ƙafarta tana tafiya ba ta sani ba. Ranar da ta faɗi kusa da kaskon suya, Malam Lauwali ya yi abin da kowane ɗayanmu zai yi: ciwon ƙafa ne, sai ya kai ta Aliero gidan ɗori. Allah ya saka wa dattijon mai ɗorin da alheri. Ya taɓa tun daga ƙugu har yatsu, ya ce, "Lauwali, ƙashin matarka ya fi nawa lafiya. Wanga ba aikina ba ne, ku tahi asibiti." Sunka je asibiti mafi kusa. Likitan can ya ga tabon tiyata ya ce wane aiki anka yi mata? Sunka ce an rage ciki. Ya ce aikin iri-iri ne, wanne anka yi mata daga ciki? Sunka ce ba su sani ba. Ya ce tana shan wani magani? Sunka ce da dai ana yi mata allura. Wace allura? Lauwali ya ce, "Ja ce." Ya ce ina takardunta? Lauwali ya ce, "Alhaji Ɗalha ne takardarmu."

Mako biyu anka yi ana lalube, ƙafafun na ƙara mutuwa, kafin Lauwali ya zo ya tsaya a ƙofar shagona. Bai zage ni ba, da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Alhaji, don Allah ko likitan nan ya bar wata magana?" Na tashi na buɗe aljihun mota. Wasiƙar na nan ƙarƙashin takardun taya, da sunan wadda za ta gaje shi, Likita Amatullahi, a jikinta.

Washegari munka ɗauki Kubura zuwa birni. Da likitar ta ji sunanmu, sai ta buɗe kabad ta fito da ambulan takwas, kowanne da sunan mai shi. Ta ce, "Ranar da anka ce ku zo, ni da Likita Ismail mun zauna tun safe har la'asar. Ya ɗaga tafiyarsa da kwana biyu ko za ku zo." Mutumin da na ce ya watsar da mu ke nan. Ta duba Kubura, ta ce rashin allurar nan ne ya taɓa jijiyoyin ƙafa, kuma da an zo da wuri da abin bai kai haka ba. Sannan ta juyo ta ce, "Alhaji, kai ma cire takalminka." Yarinya ce da ba ta wuce sa'ar ɗiyata ba. Na cire. Ta soka mini tsinke a babban yatsa, ina kallo, ban ji ba. Wata uku ke nan ina jin abin da Kubura ta fara ji, ban faɗa wa ko matata ba.

To mi za mu yi? Likita ya tafi, kuma yana da haƙƙin tafiya. Shi ma neman abinci yake, awa yadda na bar dako da na sami abin da ya fi. Wanda ke duba mu yau shi ma wata rana zai tafi. Ba za mu zauna muna jin haushin wanda ya tafi ba, jikinmu bai tafi tare da shi ba. Ga abin da munka yanke, kuma ina faɗinsa ga duk mai ciwon da ke bukatar bibiya, mai ciwon suga ne ko mai hawan jini.

Kowa ya riƙe takardarsa da hannunsa. Ya san sunan aikin da anka yi masa, ya san sunan maganinsa. In ba ya karatun boko, a karanta masa har ya haddace, a rubuta masa da ajami a bayan katin. Mun haddace lambar motoci goma, mun haddace farashin buhu a kasuwa biyar, sunan magani ɗaya ba zai gagare mu ba. In ka ji likitanka zai tafi, kada ka yi fushi, kada ka aika yaro, tashi ka je. Ka tambaye shi wa zai gaje shi, ka ga fuskar mutumin, ka karɓi takardunka. Kuma kada wani babban mutum ya sake zama ƙofa tsakanin mara lafiya da likitansa. Ko ni ne, ku ture ni ku wuce. Mata musamman, iyayenmu, ku shiga ku yi tambayarku da bakinku.

Ni kuma ga nawa. Litinin ta farko bayan kowane wata uku, bas ɗina zai tashi daga tashar Jega, ya ɗauki na Maiyama da na Aliero, ya kai mu birni. Zaurena an rufe shi ga aikin likita. Sau biyu ke nan ina zama bisa bencin nan da kati a hannu, an kira sunana, na ce na'am, kuma ban ragu da komai ba. Cikinmu takwas, bakwai mun koma. Saura ɗaya, ya ce shi lafiyarsa lau, ba mace da za ta soka masa tsinke. Ba zan faɗi sunansa ba, yana cikin rumfar nan, kuma yana ji na. Sarkin Pawa, mutuminka ne. Ka ba ni aron sa ranar Litinin, ko da ɗaure shi za a yi.

Kubura kuwa, wata huɗu ke nan ana yi mata magani. Ƙafar dama ta dawo, tana jin sanyin ƙasa. Ta hagu har yanzu jan ta take yi, kuma likita ta ce ba za ta yi mana alkawarin abin da ba ta da tabbas ba. Wagga Litinin za a gwada ko za ta iya tsayawa ba a riƙe ta ba. Na je Maiyama na durƙusa a ƙofar ɗakinta na nemi gafara. Ta dube ni ta ce, "Ɗalha, an rage maka ciki an bar maka kai, can ne aikin ya kamata. A gaban mutane ka yi girman kanka, ba a ɗaki za ka sauke shi ba. Je ka faɗa inda ake tafa maka, in ji da kunnena."

An kawo ta yau, tana nan cikin mata bisa kekenta. Kubura, ga hakimai, ga malamai, ga direbobina da ke ce mini ranka shi daɗe. Ni na ɓoye wasiƙar. Ni na ce mun warke. Ƙafarki ta hagu a wuyana take. Malam Lauwali, kai ma ka ji. Ba na neman amsa yau, ki riƙe ta har ranar da kika ga dama. Litinin da ƙarfe bakwai ina ƙofar gidanku, kuma ba direba zai tura kekenki ba.

Ya Allah, ka tada ƙafar baiwarka Kubura ta taka ƙasa da ƙarfinta. Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Ka saka wa Likita Ismail da alheri a inda yake, ka ƙarfafi hannun wadda ta gaje shi. Ka sa albarka a gonakinmu da kasuwanninmu, ka tsare direbobinmu bisa hanya, ka zaunar da Jega da Aliero da Maiyama lafiya, ka maida kowa gidansa ya tarar da iyalinsa lafiya.

Shugaba, na ci lokaci fiye da wanda anka ba ni. Na gode.