Baffa ya daina kiran sunayen shanunsa

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Inno, daga Bodinga.

Bara ciwon bushiya ya kashe shanun mahaifina, Baffa, a Kajiji, ko maraƙi bai bari ba. Tun daga nan Baffa ya bar fita, tuwo ma sai an matsa masa. Duk sanda ya ɗauko zancensu mukan tare shi da "A yi haƙuri, Baffa," har munka kashe masa baki.

Da munka kai shi ɗakin shan magani, malamin asibitin bai yi masa allura ba. Cewa ya yi, "Baba, gaya mini sunayen shanun naka." Baffa ya lissafo su ɗaya-ɗaya yana hawaye, ranar ya ci tuwo. Duk mako yakan koma su zanta. Sai ga rage ma'aikata, anka sallami malamin. Baffa ya koma shiru.

Masu sauraro, ku koya mana irin wannan sauraren.

Na san rediyo na kusa da kai, Baffa. Saniyar da ka ba ni ranar aurena, na manta sunan uwarta. Ina tafe Jumma'a, in ji daga bakinka.