Tsohon Layin Madaba'a

A ɗakin jiran kamfanin waya, wata manajar otal ta zauna kusa da wani dattijo mai madaba'a, har hira ta haɗa su.

"Baba, kai ma sabon layi ka zo nema?"

"Yara ne suka matsa min, 'yata. Wai in cire tsofaffin layukan ofis in sa na dijital."

"Ai sun yi gaskiya. Mu tunda muka sa, ko mutum goma suka kira a lokaci ɗaya, kowa zai samu shiga."

"Tsohon fa ko an ɗauke wuta yana aiki."

"Batir ake sa wa sabon, Baba."

"Lambar kuma? Tun ina da baƙin gashi aka san ni da ita."

"Ba za ta canza ba. 'Yan kwanaki kawai layin zai yi a rufe kafin su haɗa."

Ta ɗauka rigimar tsufa ce, har ta fara murmushi.

"Ina ce kowa yana da lambar salularka, Baba?"

"Ban da babban ɗana. Lokacin da ya yi fushi ya bar gida ban mallaki salula ba. Lambar ofis kaɗai ya sani."

"Yana kira?"

"Bai taɓa ba. Amma in ya kira a kwanakin nan ya ji a rufe fa? Cewa zai yi ni na rufe."

Ma'aikaciya ta kira na gaba. Shi ne, amma bai motsa ba.

"Shiga, 'yata. Ni ban gama shawara ba."