Likitan da Ya Shiga Lakar Bayana

Assalamu alaikum. Shugaban asibiti, malaman jami'a, liman, likitoci da ma'aikatan jinya, Hajiya uwar gida da 'ya'yan marigayi, sai ku 'yan'uwana da muka kwanta a ɗakin masu ciwon laka, ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Ni tela ce, ban saba tsayawa gaban manya ba. Marasa lafiyar da ya yi wa aiki ne suka ce in yi magana da bakinsu, shi ya sa za ku ji ina cewa mu.

Shekara takwas ke nan, ina cikin ɗinki na ga keken ya tsaya. Na duba ƙasa, ƙafata tana kan matakin, amma ba na jin ta, kamar ta wata ce aka ajiye mini. Daga asibiti zuwa asibiti, har aka turo ni wurin mutumin da muke kira Dakta Sannu, saboda ba ya gaggawar komai, ko shan shayi.

Ya kasance mai saurare. Ya ɗauki auduga yana shafa mini daga yatsa zuwa gwiwa, yana tambaya, "Nan fa?" Sannan ya ɗaga hoton bayana a fitila. Na ga lakata fara, doguwa, kamar rafi daga nesa, da wani ɗan abu a zaune a tsakiyarta.

Ya ce, "Ƙanwata, ba zan ɓoye miki ba. Ƙari ne, kuma a cikin lakar yake. In na bar shi, ƙafafun za su tafi. In na shiga, ina iya taɓa abin da ba ya dawowa."

Na ce, "Dakta, da ƙanwarka ce ta jini fa?"

Ya ce, "Da sai in yi kuka tukuna, sannan in wanke hannu in shiga."

Awa tara ya yi a kaina. Na farka washegari da hantsi, labule yana kaɗawa, ban san ko a duniya nake ba. Na dai ji wata murya kamar daga ƙarƙashin ruwa tana cewa in motsa babban yatsa. Bai motsa ba. Kwana goma yana zuwa, yana tambaya, yana komawa. Ranar sha ɗaya yatsan ya ɗan rusuna. Dakta ya juya ga ma'aikaciyar jinya ya ce, "Sista, yau na samu wanda ya fi ni nawa." Muka yi dariya har muka koma kuka.

Ya kasance mai bincike. Duk ƙarin da ya cire, sai ya nemi izinin mai shi ya ajiye ɗan yanki a kan gilashi. Da na fara takawa ya kai ni ɗakin binciken, ya ce in leƙa madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Wallahi, jama'a, abin da ya so ya gurgunta ni kyakkyawa ne. Ruwan hoda da shuɗi, fure-fure, kamar yadin da zan so in ɗinka wa amarya. Na daɗe ban ɗago ba. Ya ce, "Mun iya cire shi. Abin da ba mu sani ba, me ya sa na wasu yake dawowa." Shekara ashirin yana bin wannan tambaya, ya tafi bai ji ƙarshen amsarta ba. Ɗalibansa, ga ku nan zaune. Gilasan suna cikin durowa, jikinmu ne muka bayar da yardarmu. Don Allah kada ku bari su yi ƙura.

Ya kasance ba ya gudun waɗanda ba su tashi ba. Ba dukanmu muka taka ba. Ga Malamin Lissafi nan a kekensa, a sahun gaba. Jiya ya ce mini, "Gaya musu bai iya dawo mini da ƙafa ba, amma ya tsare mini hannuwana, da su nake riƙe alli har yau."

Hajiya, mun san abinci nawa ya huce a gidanki saboda mu. Ku 'ya'yansa, mun san ranakun bikin makaranta nawa kuka duba ƙofa ba ku gan shi ba. Yana wurinmu. Mun ci rabonku, ku yafe mana. Yau duk inda kuka ga ɗayanmu a hanya, da sanda ko da keke, ku tsayar da shi, ɗan'uwanku ne.

Mun gode wa duk wanda ya zo, mun gode wa waɗanda suka turo kekunanmu har cikin zauren nan.

Ya Allah, ka gafarta masa, ka yalwata makwancinsa, ka ba iyalinsa haƙuri, ka buɗe wa ɗalibansa abin da ka rufe masa. Ya Allah, ranar da ƙafafun bayi za su yi rawa a kan siraɗi, ka tsayar da nasa. Amin.