Saura Shekara Bakwai

A bencin ƙofar kotun ɗaukaka ƙara na ji wannan, tsakanin wata tsohuwa da wani magidanci.

"Mama, ke ma ƙara kika ɗaukaka?"

"Ta ɗana. Mutum ya kaɗe da mota, ya amsa laifinsa tun ranar farko. Aka ba shi shekara goma."

"Goma? Haka lauya ya ce wa ƙanena, amsa a sassauta maka. Ya amsa, aka ɗaure shi kamar ya yi gardama. Naki nawa ya yi?"

"Uku. So nake a rage ta koma ukun."

"Allah ya sa a sake shi yau."

"Ai ya rasu bara, a can ciki."

Mutumin ya ɗan matsa gefe.

"Allah ya jiƙansa. Amma Mama, kotu ba ta sauraron wanda ya mutu."

"Haka na faɗa masa."

"Wa?"

"Shi mana. Kullum bayan la'asar yana tsaye a ƙofata da kayan gidan yari. In na ce shigo, sai ya ce ba dama, saura shekara bakwai. Ɗan nan, dube ni da kyau. Zan kai shekara bakwai?"

Masinja ya leƙo ya kira wani suna. Tsohuwar ta miƙe, ta dubi hagunta inda ba kowa, ta ce, "Tashi, mu ne."